FASHIN BAƘI: Ƙungiyar malamai da tsarin daɗewa a aiki: wa ke kare ɗan lebura a makarantar gwamnati?

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, ayari biyu ne ke fitowa daga lungunan Dakata, Gama, Kawaji da Tudun Murtala a Ƙaramar Hukumar Nassarawa. Na farko na magidanta ne da samari masu nufar masana'antun Bompai da na kan titin Haɗeja, wasu kuma su hau A-Daidaita-Sahu su ratsa gari zuwa Sharaɗa ko Challawa. Na biyu na 'ya'yansu ne da ƙannensu, sanye da kayan makaranta, sun nufi firamaren gwamnati. Mai ɗan hali a cikin iyayen yakan kai ɗansa makarantar kuɗi ta cikin lungu. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba shi da wannan zaɓin, abin da malamin gwamnati ya koyar shi ne rabon ɗansa.

Nassarawa ce ta fi kowace ƙaramar hukuma yawan jama'a a Jihar Kano a ƙidayar 2006, da mutum kusan 600,000, kuma ta ci gaba da cika tun daga lokacin. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a ajin firamare, amma duk wanda ya taɓa leƙa ajin gwamnati a waɗannan unguwanni ya san ba abin mamaki ba ne a tarar da yara sama da ɗari a ɗaki ɗaya. Ranar 8 ga Yuni, 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa ya ce sama da yara miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma akwai makarantu kimanin 400 da malami ɗaya tak ke riƙe da su.

Idan aka zo neman mai laifi, sau da yawa yatsa yana tsayawa a kan malami da ƙungiyarsa. Ana zargin Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, da kare wanda bai iya ba, da kuma tsayawa kan tsarin da ke ɗaga mutum saboda yawan shekarunsa a aiki ko da ɗalibansa ba sa iya karanta sunansu. Malamai kuwa cewa suke yi, ba don ƙungiyar ba da tuni 'yan siyasa sun mayar da su bayi. Wannan fashin baƙi zai duba yadda tsarin yake tafiya, abin da ke hannun ƙungiya da abin da ba ya hannunta, da abin da ya faru a wuraren da aka gwada karya ta.

Malamai iri uku a unguwa ɗaya

A unguwa ɗaya ta ma'aikata, za ka samu malamai iri uku, kuma sanin bambancinsu shi ne mabuɗin fahimtar muhawarar.

Akwai malamin dindindin, wanda Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, SUBEB, da sashen ilimi na ƙaramar hukuma ke kula da aikinsa. Yana da matakin albashi, yana da fansho, ana cire masa kuɗin ƙungiya daga albashi, kuma ba a korarsa sai an bi ƙa'idar ladabtarwa.

Akwai malamin sa-kai ko na wucin-gadi, wanda ake ba ɗan alawus. Mafi shahara a Kano su ne malaman BESDA, shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a 2017 da dala miliyan 611 don mayar da yaran da ba sa zuwa makaranta aji. Sun yi shekaru suna koyarwa a kan kuɗin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, kafin gwamnatin jiha ta mayar da sama da 5,000 daga cikinsu ma'aikatan dindindin a rukunin farko.

Sai malamin makarantar kuɗi ta talakawa. Ba shi da ƙungiya, galibi ba shi da takardar ɗaukar aiki, kuma mai makaranta na iya sallamarsa yau ya ɗauki wani gobe. A yawancin irin waɗannan makarantu albashinsa ko kusa da naira 71,000 da Kano ta amince da shi a matsayin mafi ƙarancin albashi a ƙarshen 2024 bai kai ba.

Ma'aikacin Bompai ya san wannan rabe-rabe sarai, domin a masana'anta ma akwai shi. A zamanin da masaƙu ke aiki ba dare ba rana, ƙungiyar ma'aikatan masaƙa na cikin ƙungiyoyin ƙwadago mafi ƙarfi a ƙasar nan. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, matsalar lantarki da kwararowar kaya masu araha daga waje suka durƙusar da masana'antu, aikin dindindin ya ragu, aikin yini ya yawaita. Shi ya sa uban da ke fushi da malamin da ba ya shiga aji, shi ne kuma ya fi kowa sanin wulaƙancin aiki ba tare da mai tsaya maka ba.

Daga Legas zuwa Malam Aminu Kano

An kafa NUT a Legas a watan Yulin 1931, kuma shugabanta na farko shi ne Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, mahaifin mawaƙi Fela. A wancan lokaci ƙungiyar malaman makarantun mishan na Kudu ce, Arewa ba ta cikin lissafi.

A Arewa, tarihin ya faro ne da Malam Aminu Kano. Bayan ya dawo daga karatun koyarwa a Landan, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya zama babban sakatarenta. Malami a lokacin ma'aikacin En'e ne, kuma albashinsa, canjin wurin aikinsa da ci gabansa duk suna hannun masu sarauta da Turawan mulki. Wanda ya ɗaga murya sai a tura shi can wani lungu. Shi kansa Malam Aminu an ɗauke shi daga Bauchi zuwa Kwalejin Horon Malamai ta Maru, inda daga can ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasar NEPU. Daga baya ƙungiyar malaman Arewa ta haɗe da NUT.

Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin ya nuna dalilin da ya sa malamai suka rungumi ƙa'idar daɗewa a aiki tun farko. Inda shugaba ke da ikon ɗaga wanda ya so ya danne wanda ya ƙi, shekarun aiki su ne ma'aunin da ba ya buƙatar uban-gida. Kowa zai iya ƙirga su, kuma ba a iya musanta su.

A yau NUT na cikin manyan rassan Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC. Abdulwaheed Omar, wanda ya shugabanci NLC daga 2007 zuwa 2015, daga shugabancin NUT ya fito. Nasir Idris, wanda ya zama Gwamnan Kebbi a 2023, shi ma tsohon shugabanta ne na ƙasa. Ƙungiyar da ke fitar da gwamna ba a kiranta marar ƙarfi.

Makarantar firamare: ɗan da iyaye uku ke rigima a kansa

Kafin a auna ƙarfin ƙungiya, ya kamata a san wanda take ja da shi. A 1976 gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi hasashe, aka ɗebi malamai cikin gaggawa, da yawa ba su da horon kirki. Da kuɗin fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, albashin malaman firamare ne ya fara maƙalewa.

A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa don daidaita biyan albashi. A 1991 aka rushe ta aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, bashin albashi ya taru, yajin aiki ya yawaita. A 1993 aka dawo da hukumar. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na tarayya don tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin su ma su kawo nasu kason. Amma wannan tallafi na gine-gine ne, kayan aiki da horo. Albashin malamin firamare har yanzu daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi.

Saboda abin da ya faru a 1991 ne NUT ta daɗe tana ɗari-ɗari da batun 'yancin ƙananan hukumomi. Matsayinta shi ne, a ba su 'yanci, amma a raba albashin malamai da hannun ciyamomi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye. A 2025 malaman firamare na Abuja, waɗanda majalisun yankuna ke biya, sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan sabon mafi ƙarancin albashi, yara na zaune a gida. Ga malamin Gama ko Gwagwarwa, wannan ya isa ishara.

Wato dai tarayya ce ke tsara manufa, jiha ce ke ɗauka da turawa, kuɗin ƙaramar hukuma ne ke biya. Idan yaro ya gama aji shida bai iya karatu ba, kowanne yana da wanda zai nuna.

Yadda daɗewa a aiki ke tafiyar da makaranta

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE. Mai ita yakan fara a mataki na 07, mai digiri a mataki na 08. A ƙa'idar aikin gwamnati ta tarayya, wadda jihohi suka kwaikwaya, ma'aikaci tsakanin mataki na 07 zuwa na 14 yana jiran shekara uku kafin ya cancanci ƙarin girma, daga mataki na 15 kuma shekara huɗu. Akwai fam ɗin tantance aiki na shekara-shekara, akwai jarrabawa ko ganawa, amma duk wanda ya san ofis ya san da wuya shugaba ya rubuta wa na ƙasa da shi mummunan rahoto. Abin da ya rage a matsayin ma'auni na gaske shi ne takardar shaida da shekaru.

A ɗauki misalin malamai biyu da aka ɗauka rana ɗaya. Ɗaya tana isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, tana duba littafin kowane yaro, kuma ajinta na karanta Hausa kafin ƙarshen shekara. Ɗaya kuma yana sa hannu a rajista ya wuce kasuwa. Bayan shekara tara, idan ba a samu wata tangarɗa ba, matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya. Saƙon da tsarin ke aika wa mai ƙoƙari a fili yake.

Illa ta biyu ita ce, tsarin yana fitar da gwani daga aji. Idan malami ya yi nisa a mataki, hanyar ci gabansa ita ce ya zama shugaban makaranta, mai duba makarantu ko jami'i a ofishin ilimi. Aji ɗaya da aji biyu, inda yaro ke koyon haɗa baƙi, inda kuma aka fi buƙatar ƙwarewa, sau da yawa sabon shiga ko ɗan sa-kai ake bar wa. Shugabancin makaranta ma ya zama ladan daɗewa, alhali iya shugabanci wata baiwa ce daban da yawan shekaru.

Illa ta uku ta shafi ƙofar shiga. A watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai daga 60 zuwa 65, ko daga shekara 35 a bakin aiki zuwa 40. NUT ta ɗauke ta babbar nasara, kuma tana da hujja: inda malamai suka yi ƙaranci, sakin gogaggu asara ce. Sai dai duk inda aka aiwatar da ita, gurbin da zai buɗe yau sai bayan shekara biyar, kuma albashin babban malami ɗaya zai iya ɗaukar sababbi fiye da ɗaya. Matasan da kwalejojin Sa'adatu Rimi, Kabuga da Bichi suka yaye, waɗanda yanzu ke tuƙa A-Daidaita-Sahu ko aikin yini a kamfanonin roba na Sharaɗa, ba su da kujera a teburin da aka yanke wannan shawara, domin ƙungiya tana wakiltar wanda ke cikin aiki ne.

Duk da haka, gogewa ba banza ba ce. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna malami yana ƙara ƙwarewa sosai a shekarunsa na farko, kuma makarantar da malamanta ke yawan sauyawa tana cutar da yara. Haka kuma malaman da ake cewa daɗewa na yi musu rana su kansu suna kuka da ita, domin ƙarin girma yakan makara shekaru, ko ya zo a takarda kuɗin bai biyo ba. Tsarin da ba ya saka wa mai ƙoƙari, sau da yawa ko mai daɗewar ma ba ya cika wa alƙawari.

Darasin Kaduna

Babu inda aka gwada ƙarfi da ƙungiyar malamai a Arewa kamar Kaduna. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce. Ta sanar cewa 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin ɗari, ta sallame su, ta ce za ta ɗauki 25,000. Hotunan takardun amsa da aka yaɗa a Facebook da Twitter sun girgiza jama'a.

NUT ta ce an saɓa yarjejeniya kan makin cin jarrabawa, kuma Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke da hurumin tantance malami. Ta shiga yajin aiki a watan Janairun 2018, ta janye bayan kwana kusan goma ba tare da gwamnati ta sauya matsayi ba. Watanni kaɗan bayan haka, gwamnatin ta sake sallamar sama da 4,000 daga cikin sababbin da ta ɗauka, bisa dalilin su ma ba su cancanta ba. A watan Yunin 2022 ta kori wasu 2,357, ciki har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba, wanda ya ƙi zama jarrabawar.

Abu biyu Kaduna ta tabbatar. Na farko, matsalar malaman da ba su san abin da suke koyarwa ba gaskiya ce, kuma ƙungiyar da ta ƙi amincewa da hakan tana zubar da mutuncinta a idon iyaye. Na biyu, kora kaɗai ba ta haifar da ƙwararru, domin daga rijiya ɗaya ake ɗebo na da da na yanzu: makarantun da suka lalace su ne ke ciyar da kwalejojin horon malamai.

A Kudu kuwa ƙungiya ce ta yi rinjaye. A Ekiti, yunƙurin Gwamna Kayode Fayemi na yi wa malamai jarrabawa ya gamu da turjiya, kuma masu sharhi da dama sun lissafa fushin malamai cikin abubuwan da suka kayar da shi a zaɓen 2014. A Edo ma Adams Oshiomhole, wanda tsohon shugaban NLC ne, ya ja da baya kan irin wannan jarrabawa. Gwamnoni sun karanta darasin: malamai suna ko'ina, har ƙauyen da babu ɗan sanda, kuma suna da ƙuri'a da bakin faɗa a ji.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

A Amurka, muhawarar ta fi zafi kan dokar da ke cewa idan za a rage malamai, wanda ya shigo ƙarshe shi ke fara fita. A 2014 wata kotu a Jihar Kalifoniya ta yanke cewa irin waɗannan dokoki na tauye haƙƙin 'ya'yan talakawa, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2016, bisa dalilin ba a nuna cewa dokokin ne da kansu ke tura raunanan malamai makarantun talakawa ba. Masu rabon malamai ne ke yin hakan.

A yammacin Kenya, masana tattalin arziki Esther Duflo, Pascaline Dupas da Michael Kremer sun bi diddigin shirin da ya ba makarantu malaman kwantiragi masu ƙaramin albashi. Yaran da ke hannun 'yan kwantiragin sun fi samun ci gaba, amma malaman dindindin sun rage shiga aji, wasu kuma suka yi ƙoƙarin cusa danginsu a guraben. Inda aka horar da kwamitin iyaye ya sa ido, wannan ɓarna ta ragu. Da aka gwada faɗaɗa shirin, wani binciken ya gano ya yi tasiri a hannun ƙungiya mai zaman kanta, amma bai yi ba a hannun gwamnati.

A Meziko, inda a wasu jihohi ake gadon gurbin koyarwa ko a sayar da shi, gwamnati ta kawo dokar tantance malamai a 2013, kuma aka kama shugabar ƙungiyar malamai, Elba Esther Gordillo, a shekarar. Bayan shekaru na zanga-zanga, sabuwar gwamnati ta soke dokar a 2019. Finland kuwa kusan duk malamanta 'yan ƙungiya ne, kuma makarantunta sun yi suna a duniya. Sirrinta yana ƙofar shiga: sai mai digiri na biyu ke zama malamin firamare, kuma neman gurbin karatun yana da wuya.

Abin da waɗannan misalai suka haɗu a kai shi ne, ƙungiya mai ƙarfi tana kare duk wanda aka ɗauka. Idan an tace a wajen ɗauka, nagari take karewa. Idan an cusa 'yan lele, su ma za ta kare su.

Wa ke riƙe da ƙofa a Kano?

NUT ba ta ɗaukar malami aiki, ba ta tura shi makaranta, ba ta naɗa Sakataren Ilimi. Waɗannan suna hannun gwamnati, kuma a nan siyasa ke shiga. Kowa a Kano ya san yadda ake rabon guraben aiki ta hannun masu muƙami da 'yan majalisa. A 2023 sabuwar gwamnati ta dakatar da albashin ma'aikata sama da 10,000 da gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ɗauka a ƙarshen wa'adinta, kuma bayan tantancewa ta mayar da sama da 9,000, ta sallami sama da 3,000. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, labarin ya nuna yadda ɗaukar aiki ya zama fagen kokawar jam'iyyu.

Haka batun rabon malamai yake. Mai uwa a gindin murhu yana samun makarantar da ke kusa da gidansa a cikin gari, ko a ajiye shi a ofis, yayin da makarantun bayan gari da na karkara ke fama da malami ɗaya ko biyu. Shelar ilimi kyauta kuma dole da aka yi a 2019 ta ƙara yawan yara, amma ɗaukar malamai da gina ajujuwa ba su yi tafiya daidai da ita ba. Malami ko ya kai wane ƙwarewa, yara ɗari a ƙasa ba littafi sun fi ƙarfinsa.

Wannan bai wanke ƙungiya ba. Manyan yaƙe-yaƙenta na albashi ne da shekarun ritaya. Mu da muke firamare a 2008 muna tuna yajin aikin ƙasa baki ɗaya na wannan shekara a matsayin dogon hutu, wanda ya ƙare da alƙawarin gwamnoni na ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari ga malamai. Haƙƙinsu ne su nema. Amma da wuya a ji ƙungiyar ta yi barazanar yajin aiki saboda an cusa wanda bai iya karatu ba a cikin sana'arta, ko ta fito da nata tsarin hukunta ɗanta da ba ya zuwa aiki. Kuma a duk yajin aiki, ɗan mai kuɗi yana makaranta, ɗan lebura ne ke gida.

Abin da ya kamata a nema

Soke la'akari da daɗewa baki ɗaya, a yanayin da ake ciki, tamkar miƙa wa ɗan siyasa wuƙa da nama ne. Ranar da aka ce "ƙwazo" kaɗai zai ɗaga malami, ba tare da amintaccen ma'auni ba, ƙwazon zai koma halartar taron jam'iyya. Gyaran da zai ɗore sai ya taɓa wurare huɗu.

Na farko, ɗaukar aiki ta hanyar jarrabawa a fili, a wallafa sunaye da maki, kuma a sa wakilan NUT da TRCN a matsayin shaidu, ta yadda gobe ƙungiya ba za ta ce ba ta san yadda aka yi ba.

Na biyu, shekaru su zama sharaɗin neman ƙarin girma, amma samunsa ya rataya a kan zuwa aiki da abin da masu duba makarantu suka gani a aji. A buɗe hanyar da gwanin malami zai kai babban mataki yana nan a aji ɗaya, ba sai ya koma ofis ba. Ita kuma gwamnati ta biya kuɗin ƙarin girma a kan lokaci, domin wanda ake bi bashi ba ya da bakin yin faɗa.

Na uku, tantancewa ta zo da horo da wa'adi. Wanda ya gaza a ba shi dama ya gyara, idan ya sake gazawa a sauya masa aiki ko a sallame shi da haƙƙinsa. Kano ba baƙuwar irin wannan horo ba ce: shirin ESSPIN ya yi aiki a jihar, kuma a 2019 an gwada koyar da yara bisa matakin fahimtarsu a Wudil da Dawakin Tofa, da malaman gwamnati 'yan ƙungiya.

Na huɗu, SUBEB ta riƙa wallafa adadin malamai da ɗalibai na kowace makaranta. Ranar da mazaunin Kaura Goje zai iya kwatanta makarantar unguwarsu da ta Giginyu a wayarsa, rabon son-rai zai yi wahalar ɓoyewa.

Malamai suna da NUT, masu masana'antu suna da ƙungiyarsu, 'yan siyasa suna da jam'iyya. Yaron aji uku a Dakata ba ya biyan kuɗin ƙungiya kuma ba ya jefa ƙuri'a. Kujerar da aka tanadar masa ita ce ta kwamitin al'umma na kula da makaranta, SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma a makarantu da yawa waɗannan kujeru suna nan a takarda kawai, domin uban yana bakin inji daga safe har magariba. Matasan unguwa da ke kwana suna muhawarar siyasa a intanet za su iya zama a kansu. Tambayoyin da za su fara da su ba su da wuya: malamai nawa ke cikin rajistar makarantar nan, nawa suka zo yau, kuma yara nawa a aji uku ke iya karanta sakin layi ɗaya da Hausa?